Kotu Ta Binne Izinin Taro, Mahukunta Sun Tono Shi

Duk matashin Ɗankaza da ke shiga Wudil cin kasuwar Juma'a ya san makarantar horas da jami'an 'yan sanda da ke garin. Abin tambaya shi ne, shin cikin darussan da ake biya wa waɗannan samari akwai labarin abin da ya faru a Kano a watan Satumba na 2003?

A lokacin ne jam'iyyar ANPP ta kira gangami don ƙin amincewa da zaɓen shekarar. 'Yan sanda suka tarwatsa taron da barkonon tsohuwa, hujjarsu wai ba a karɓi izini ba. Janar Muhammadu Buhari na wurin. Mataimakinsa a takara, Chuba Okadigbo, ya shaƙi hayaƙin, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Jam'iyyar ta garzaya kotu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 40 nasa ya ba kowa 'yancin taruwa. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Wannan fa dokarsu ce, alƙalansu ne suka faɗa!

To, sai ga wanda aka watsa wa barkonon ya hau mulki a 2015. A Disambar shekarar sojoji suka auka wa 'yan uwa Musulmi a Zariya, Gwamnatin Kaduna da bakinta ta ce an binne gawa 347 a rami guda. A Nuwamba 2016 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu tattakin Arba'in a Kwanar Dawaki, bayan fitowarsu daga Kano. A watan da ya biyo baya Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya ba da umarnin a saki Shaikh Ibrahim Zakzaky cikin kwana 45. Aka yi kunnen uwar shegu da umarnin, Malam bai fito ba sai a Yuli 2021.

Abin takaicin shi ne masu tafi. Mutane da yawa, har da wasu masu wa'azi, sun ce ai maganin masu tare hanya ke nan. Sun manta bindigar da aka saba harbawa ba tare da an tuhumi kowa ba, ba ta tambayar aƙidar wanda ke gabanta.

A Agusta 2024 yunwa ta fito da matasan Kano kan titi. Ba tuta suka ɗauko ta wata ɗarika ba, tsadar abinci suke kuka da ita. Aka kwashe da dama, har da ƙananan yara, aka kai Abuja. Bayan kusan wata uku a tsare aka gurfanar da su bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da hotunan suka zagaya duniya kafin aka janye ƙarar, aka mai da su gida.