Jinjina ga Malaman Ƙaramar Sakandare, da Sauran Aiki a Bencin Baya

Idan ana rabon yabo a harkar ilimi, malamin ƙaramar sakandare ake mantawa da shi. Na firamare ana tuna shi, domin shi ya fara kama hannun yaro ya koya masa riƙe fensir. Na babbar sakandare ana nemansa da godiya ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito da kyau. Shi kuwa na tsakiya, wanda ke karɓar yaro yana ɗan shekara 12 ya riƙe shi shekara uku, daidai lokacin da murya ke buɗewa, kunya ke shigowa, kasuwa da tasha ke yi wa yaro kiranye, da wuya ka ji an ambace shi. Su nake yi wa jinjina yau, musamman waɗanda suka hana awar kulob da darasin sana'a mutuwa a makarantunsu, suka bi ta nan suka sake sada lissafi da yaran da tuni suka sallama shi.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ba, ba zai san nauyin da ke wuyan malamin lissafi ba. A shekarun nan uku lissafi ke sauya kama. Haruffa su shigo cikin lambobi, a ce wa yaro ya nemo x. A gaya masa akwai lambobi ƙasa da sifiri. Rabi da kwata, waɗanda ya saba ji a bakin mai nama da ma'auni, su koma lamba bisa lamba da layi a tsakani. Lissafi kuma ba ya yafe bashi: wanda ya taho daga firamare bai riƙe sau da rabawa ba, duk abin da aka ɗora masa a kai sai ya zame. Kafin zangon farko ya ƙare ya yanke wa kansa hukunci, "ni kaina ba ya ja", ya koma bencin baya ya yi shiru. Da yawan waɗanda ke faɗuwa lissafi a aji shida, tun a nan suka faɗi.

A wata makarantar 'yan mata ta gwamnati na ga abin da malama ɗaya za ta iya yi da keken ɗinki biyu da tef ɗin awo. Ɗakin koyon ɗinkin tsohon sito ne da aka share aka sa tebur. Takardar buhun siminti ta shimfiɗa, domin yadi ya yi tsadar da ba za a ba ɗan koyo ya ɓata ba. Ta kira wata 'yar aji biyu wadda aka ce ba ta buɗe baki a ajin lissafi.

"Zo nan, 'yata. Ƙugun siket ɗin nan inci 28 ne. Gaba da baya za mu yanka, kowanne kuma a ninke yake. Nawa za ki auna?"

Yarinyar ta riƙe tef a kan 28, ta naɗe shi biyu, ta sake naɗewa, ta duba. "Bakwai, Malama. Sai a ƙara rabin inci na bakin ɗinki."

"Madalla. Ɗauki alli ki rubuta mana shi yadda malaminku na lissafi zai so ya gani."

Ta daɗe a tsaye gaban allo, sannan ta rubuta ¼ × 28 + ½ = 7½. Hannunta na rawa, amma daidai ne. Kowane tela yana yin wannan lissafin a kansa. Inda malamar ta ciri tuta shi ne da ta ƙi bari ya tsaya a kan tef, ta sa aka kai shi kan allo da irin rubutun da jarrabawa ke nema. Daga nan tambayoyi suka biyo baya da kansu. Yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi 6, to siket nawa zai fitar, ƙyalle nawa zai rage? Bayan tef ɗin santimita ne, inci ɗaya kuma santimita 2.54, to ƙugun nan nawa ne a santimita? Da Hausa aka yi duk wannan, sai a ƙarshe malamar ta faɗi sunayen da Turanci ta sa suka rubuta a littafi, tunda da Turanci za a tambaye su.

Malamin noma ma yana da tasa dabarar. In za a fitar da fangali a lambun makaranta, sai ya ba yara uku igiya mai tsawon mita 12 da aka ƙulla a mita 3 da mita 7, aka haɗa bakinta biyu. Kowa ya riƙe ƙulli ɗaya ya ja da baya har igiya ta miƙe, gefe ɗaya mita 3, ɗaya 4, ɗaya 5, kusurwa ta fito daidai kamar yadda magini ke fitar da tushen ɗaki. Yaron da ya riƙe igiyar nan, ranar da aka rubuta masa ƙa'idar Fitagoras, aka ce 9 da 16 sun ba da 25, abin da ya sani ne aka ba shi sunansa.

Sai malaman kulob, na kimiyya (JETS) da na lissafi, masu zama bayan an tashi ba tare da ko sisin alawus ba. Su ne ke ciro kuɗin mota daga aljihunsu su kai yara biyu ko uku gasa. Kamfanin madarar Cowbell na shirya gasar lissafi ta 'yan sakandare tun 1998, wadda daga 2015 ta koma shirin talabijin mai suna Cowbellpedia, da rukunin 'yan ƙaramar sakandare a ciki. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a yankin Kwali na Abuja, tana gudanar da gasar da ake zaɓar masu wakiltar Nijeriya a ƙetare. A Kano kuma tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda sai da jarrabawa ake shiga, kuma ɗimbin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa can suka fito. Duk yaron da ka ga ya ci waɗannan, ka bincika, akwai wani malami a ƙaramar sakandare da ya zauna da shi ana sallar la'asar ana komawa kan allo. Allah ya saka musu da alheri.

Ina ƙara jinjina ga masu tuna wa yara cewa lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya yi karatu a Katsina, ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Zana gida tara a ƙasa, ka ce wa yara su jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Za ka ga masu gudun lissafi sun duƙa suna gardama, har wani ya gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. Haka rabon gado da suke ji a Islamiyya: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu, sudusi. Yaron da ya san mata tana da sumuni idan mamaci ya bar 'ya'ya, bai kamata ⅛ ta firgita shi a boko ba. Malami ne zai gaya masa abu ɗaya ne.

Gwamnatin tarayya ma ta yi abin a yaba. A watan Satumbar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, ta kuma ba ɗan ƙaramar sakandare damar zaɓar sana'a ɗaya cikin shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Babu ɗaya a ciki da ba ta cike da lissafi. Ɗauki sola. Faranti mai wat 200, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, zai tara wat-awa 1,000 a takarda. Cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke ɓacewa a waya da batir da ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi, saura 750. Ƙwayayen lantarki huɗu masu wat 10 na awa 6 sun ci 240, fanka mai wat 50 ta awa 8 ta ci 400. Shin akwai sauran da zai ɗauki talabijin? Yaron da zai yi hamma idan aka ce "kashi cikin ɗari", a nan da kansa zai nemi fensir, domin gidansu ake magana.

Amma mun taɓa bin wannan hanya. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, burin ke nan, yaro ya gama aji uku da sana'a a hannu. Aka sayo injunan koyon kafinta da ƙira da lantarki daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, domin ba wuta, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya san kansu. Darasin fasaha ya koma zanen zarto da guduma a allo. In ba a horar da malamai an ba su kayan aiki ba, haɗa sola ma haka zai koma, yara su haddace sunayen abin da ba su taɓa riƙewa ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin shekara tara na farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru akwai jihohin da ke barin nasu kwance a Abuja. Gwamnan da ya bar wannan kuɗi ba shi da bakin cewa ba abin sayen keken ɗinki.

Ku ma malamai, tunda don Allah nake yabonku, don Allah zan faɗi sauran. Kofin da aka ciyo a gasa yana nuna ƙoƙarin yara uku ne. Ajin da suka fito kuwa, a makarantun gwamnati na biranenmu, sau da yawa ya haura 80, alhali manufar ilimi ta ƙasa ba ta yarda aji ya wuce 40 ba. Kulob ɗin lissafi kan zama na haziƙai kaɗai, waɗanda ko ba kulob za su ci. Wanda ya fi buƙatarsa yana tsoron leƙawa, don kada a tambaye shi bakwai sau takwas a gaban ƙannensa. Kuma muddin bayan tashi ake yi, an riga an fitar da yarinyar da ake jira a gida ta ɗora tukunya ko ta ɗauki talla, da yaron da zai wuce garejin ubangidansa. Wannan a hannun shugaban makaranta yake. Ya sa awar a cikin jadawalin darussa, ya kuma tsare ta, domin kowa ya san ita ake fara cinyewa in za a yi shara, ko taron malamai, ko shirin tarbar baƙo.

Abin da malamar ɗinkin nan ta yi, da himmarta ta yi shi, ba wanda ya tsara mata. Himma kuwa tana tafiya ranar da aka yi wa mai ita canjin wurin aiki. Me zai hana malamin lissafi da malaman sana'a su zauna farkon kowane zango, ko na rabin awa ne, ya gaya musu makon da zai koyar da rabo da daidaito, su kuma su kawo awon taki da haɗin abincin kaji a wannan makon? Ba ya buƙatar ko kwabo daga ma'aikata.

Mafi nauyi shi ne bashin firamare. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata hanya ta koyar da yaro daga inda ya tsaya. A gwada kowa shi kaɗai na 'yan mintuna: ya san lambobi masu gida biyu? Ya iya ɗebewa da aro? Ya iya rabawa? Sai a raba su rukuni bisa abin da suka iya, a ajiye maganar aji ko shekaru, a riƙa ba su lokaci kullum da tsinke da duwatsu da harshen gida. An gwada ta a makarantun firamare a Borno, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohin Arewa. 'Yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ma suna buƙatarta, kuma awar kulob ta dace da ita, domin a nan ba maki ba bulala. Haziƙan da ke zuwa gasa za su iya zama masu jan ƙananan rukunai, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san su ma za su ƙaru.

In an yi haka, ranar taron iyaye da malamai shugaban makaranta ya ɗaga kofin a tafa, ya cancanta. Bayan tafin ya buɗe rajista ya karanta wa iyaye lambobi biyu: yara nawa ne a aji ɗaya suka iya rabawa a makon farko, nawa ne suka iya a ƙarshen shekara. Uban da ke zaune a wurin, ko bai yi boko ba, yana da haƙƙin ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, nawa ɗan fa, a wane rukuni yake, kuma yaushe zan dawo in ji inda ya kai?"