LEƘEN WAJE: Pablo Sorozábal, makaɗin da bai ɗauki waƙar wasa da wasa ba

A wannan watan ba Indiya za mu ba, ba kuma Amurka ba. Sifaniya za mu leƙa. Na san da jin sunan ƙasar nan, abin da zai fara faɗo wa da yawanku a rai shi ne ƙwallo, su Real Madrid da Barcelona. To a ɗan ajiye ƙwallon tukuna, yau maganar waƙa ce ta kai mu.

Duk mai bin finafinan Hausa ya san gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wai me ya kawo waƙa cikin fim? Wasu su ce kwaikwayon Indiyawa ne kawai, a cire ta a huta. Wasu su ce in ka cire waƙa ai ka cire wa miya gishiri. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutanen Sifaniya sun haura shekara 300 suna yin wasan kwaikwayo mai irin wannan tsari a kan dandamali: a yi magana, a yi magana, sai a ɓarke da waƙa, a gama a koma magana. Sunan wasan zarzuela. Ya samo sunan ne daga wata fadar sarki da ke wajen birnin Madrid, inda aka fara yin sa don nishaɗin sarki da fadawansa. Daga baya ya fito gari ya zama na talakawa. Tauraronmu na yau yana cikin manyan masu tsara kiɗan wannan wasa na ƙarshe-ƙarshe. Sunansa Pablo Sorozábal.

An haife shi a 1897 a San Sebastián, garin ƙungiyar Real Sociedad, a yankin ƙabilar Basque da ke arewacin ƙasar. Ɗan talakawa ne, mahaifinsa sassaƙar dutse yake yi. Tun yana yaro ya koyi goge irin na Turawa, kuma da shi ya fara neman na tuwo a gidajen shan shayi da gidajen silima. A zamanin finafinai ba sa magana, hoto ne kawai ke motsi, sai a ajiye makaɗa a gaban allo suna raka shi da kiɗa. Ku duba irin makarantar da yaron nan ya shiga ba tare da ya biya ko kwabo ba: kullum yana ganin yadda kiɗa ke sa jama'a dariya, ya kuma sa su hawaye, alhali ba wanda ya ce uffan a allon.

A 1920 ya tafi Jamus, ya yi karatun kiɗa mai zurfi a biranen Leipzig da Berlin. Ya koyi rubuta kiɗa, ya koyi jagorancin babbar tawagar makaɗa, irin wadda za ka ga mutum ɗaya a gaba da 'yar sanda yana ba da umarni. Mai irin wannan ilimi, abin da ake zato shi ne ya tsaya a kiɗan manya, domin a lokacin masu ji da kansu kallon abin 'yan kasuwa suke yi wa zarzuela. Shi kuwa gogan naku sai ya kwaso ilimin nan kaf ya zuba shi a wasan talakawa.

Wasansa na farko, Katiuska, ya fito a Barcelona a 1931. Labarin soyayya ne tsakanin wani jami'in 'yan juyin juya halin Rasha da wata yarinya da daga baya aka gano jinin sarauta ce. Wasan ya karɓu, sunan Pablo ya fito. Ya auri wata mawaƙiyar dandamali, Enriqueta Serrano. A 1934 ya sake tashin kan jama'a a Madrid da La del manojo de rosas, labarin wata mai sayar da furanni da samari biyu ke nema, wani matuƙin jirgin sama da wani bakanike. Ta zaɓi bakaniken don tana ganin talaka ne ɗan'uwanta, ashe ɗan masu hali ne. Ku faɗi gaskiya, in aka ce muku labarin fim ɗin Kano ne, za ku musa?

Amma wasan da nake so mu tsaya a kansa shi ne na 1936, La tabernera del puerto, wato mai mashayar bakin teku. Marola kyakkyawa ce da ke tsaron wata mashaya a garin masunta. Kowa a garin ya ɗauka matar wani tsohon ɗan fasa-ƙwauri ce mai suna Juan de Eguía, alhali 'yarsa ce. Wani saurayi masunci, Leandro, ya kamu da son ta. Uban ya ga banza ta faɗi, ya shirya amfani da soyayyar don yaron ya ɗauko masa wani ƙunshi ta teku. Sai wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ya ja Leandro gefe ya tsegunta masa cewa hodar iblis ce a ƙunshin, kuma da yarinyar ake ɗana masa tarko.

To a nan ne, ba kafin nan ba, ba kuma bayan nan ba, Pablo ya sa waƙa. An bar Leandro shi kaɗai a dandamali. Ba abokin da zai kai wa kuka, ba kuma zai iya tunkarar Marola ba. Hujja ta nuna masa abu ɗaya, zuciyarsa ta ƙi yarda. Me zai ce da baki? Sai ya rera No puede ser, ma'ana "ba zai yiwu ba". Waƙar ba ta fi minti uku ba. Ba a canza masa kaya ba, ba a kai shi lambu ba, ba 'yan amshi. In ka cire ta, labarin ya gurgunce, domin a cikinta ne mai kallo ke gane dalilin da zai sa saurayi mai hankali ya jefa kansa a halaka ido buɗe. Shekara 54 bayan haka, a 1990, shahararren mawaƙin nan Plácido Domingo ya rera ta a birnin Rum a jajibirin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, miliyoyin mutane suna kallo a talabijin. Da yawansu ba su san wasan ba, ba sa jin yaren, amma waƙar ta shige su.

Watanni kaɗan da fitowar wasan, yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya. Pablo yana ɓangaren gwamnatin jamhuriya, shi ne ma jagoran badujalar birnin Madrid. A 1939 ɓangarensu ya sha kaye, Janar Franco ya hau mulki, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1975. Daga nan Pablo ya zama ɗan bora. Bai daina aiki ba, ya fitar da Black el payaso a 1942, da wasu bayansa, amma kullum ana harararsa. An ba shi jagorancin wata babbar tawagar makaɗa ta Madrid, sai a 1952 aka hana shi gabatar da wani dogon kiɗa mai suna Leningrad, na makaɗin Tarayyar Sobiyat Shostakovich. Bai tsaya roƙo ba, ya ajiye aikin. Shi ne kuma ya yi kiɗan fim ɗin Marcelino, pan y vino na 1955, labarin wani maraya da aka yar a ƙofar gidan limaman Kirista, fim ɗin da ya zaga duniya.

Sai dai taurin kan nan yana da tsada. A 1968 ya kammala aikin da yake ganin ya fi duk ayyukansa, Juan José, labarin wani magini talaka da kishi ya kai shi ga kisan kai. Wannan ba magana a ciki, komai rerawa ake yi. An shirya nuna shi a Madrid a 1979, har an fara gwaji, sai saɓani ya shiga tsakaninsa da masu shiryawa kan yadda za a gabatar da shi, aka fasa. Ya mutu a Madrid a watan Disamba 1988 yana da shekara 91, bai ga wasan nan a dandamali ba. Sai a 2009 aka rera shi a garinsu, a 2016 kuma aka yi shi cikakke a Madrid. Wani zai ce ya cuci kansa, da ya sassauta da ya ga abinsa da idonsa. Ni dai ban ga laifinsa ba, amma na bar muku hukunci.

Abin da ya sa na kawo muku labarin nan, musamman ku matasa masu burin shiga sutudiyo, shi ne wannan. Mutumin nan bai taɓa cewa ai wasan talakawa ne, kowace irin waƙa ma ta wadatar ba. Mu kuwa sau nawa muka ga fim ana tsakiyar rikici, sai kawai a yanke, ga jarumi da jaruma a gindin bishiya, an sake kaya kala huɗu, a gama a dawo inda aka tsaya kamar ba a yi komai ba? Irin wannan waƙa ko ka ɗauke ta ka liƙa a wani fim ɗin ba wanda zai lura. Ita ce ke ba masu cewa a cire waƙa ƙarfin baki. Laifin ba na waƙa ba ne, na wanda bai san inda zai ajiye ta ba ne.

Don haka darakta, kafin ka kira mawaƙi, ka ba shi labarin ya karanta. Mawaƙi, kafin ka kama makirufo, ka tambaya: wa ke rera waƙar nan, me ya same shi, me ya sa magana ta gagare shi? Ku kuma 'yan kallo, ga ɗan aikin gida: fim na gaba da za ku kalla, ku tsallake waƙar ku gani ko labarin zai rasa wani abu. Ku rubuto ku faɗa mana wane fim ne ya ci jarrabawar, wanne ne ya faɗi.