Takarda ba ta riƙe fifet

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Ɗalibin kimiyyar halittu ko SLT, a ADSU yake ko a Foli ta Mubi, in ya gama bai iya riƙe fifet ko haɗa ruwan gwaji ba, takarda kawai ya kwaso.

Tun shekarun 1970 ITF ta fito da SIWES don hannu ya saba da aiki. Mu kuwa me muke yi? Watannin IT wani yana shagon yayansa, daga baya ya cika logbuk a dare ɗaya, ya nemo hatimi. Lokacin korona a 2020, waɗanda suka iya gwajin PCR aka nema, masu haddar handawut suna gefe.

Za ku ce babu kayan aiki, babu wuta. Na yarda, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi me aka saya da kuɗin TETFund. Amma duba jini a madubin likita da tsaftace kwalabe ai ba sa buƙatar injin miliyoyi.

Ga kasuwar shanu, ga iyakar Kamaru: wa zai gwada jinin dabbobin nan da nononsu? Ranar intabiyu fifet za a miƙo maka, wallahi. Ka je lab.