Jigawar Gadabeji ba ƙasar banza ba ce

A arewacin jihar Maraɗi, bayan an wuce Dakoro, akwai wani daji mai suna Gadabeji. Ƙasarsa jigawa ce, tuddan rairayi da ƴan kwaruruka. Faɗinsa hekta 76.000 ne. Tun shekarar 1955 hukuma ta keɓe shi don namun daji. Ba a farauta a cikinsa, ba a noma, ba a saran itace.

Waɗansu mutane suna ganin tsaron wannan wuri ɓata lokaci ne. Suna cewa rairayi ne kawai, ga manomi yana neman gona, ga makiyayi yana neman ciyawa. Gaskiya ne bukatarsu babba ce. Amma jigawa ba ta da ƙwari kamar ƙasar laka. Saiwar ƙarangiya da ta aduwa da ta anza su ne ke riƙe da ita. In aka sare itatuwan, ko wuta ta cinye ciyawar, sai iskar rani ta kwashi rairayin ta zuba shi cikin gonaki da rijiyoyi. Daga nan manomi da makiyayi duka sun yi hasara. Hausawa na cewa, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Namun daji ma sun nuna haka. A da akwai mariri a Gadabeji, wata farar dabba mai dogayen ƙahoni. Farauta da fari suka ƙarar da shi. Raƙumin dawa kuma ya ɓace daga wurin kusan shekara 50. Sai a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka kawo su cikin manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 800. Wannan aiki ya ci kuɗi da wahala mai yawa. Da an kiyaye su tun farko, da ba a sha wannan wahala ba.

Su kansu raƙuman dawan Kure, 49 kaɗai suka rage a 1996. Da mutanen karkara da ma'aikatan gandun daji suka haɗa kai suka tsare su, sai suka yi ta ƙaruwa har suka zarce 600.

Don haka tsaron Gadabeji aikin kowa ne. Matafiyi ya kashe wutarsa kafin ya tashi. Makiyayi ya bar rassan itace a kan uwarsu. Ɗan makaranta kuwa, in ya ga ƙwan zabon daji ko ɗan barewa, ya bar shi inda ya tarar da shi, kuma ya gaya wa ƙannensa dalili.