Tsadar bindiga ba ta cin gasa

Jama'a, na gaji da musun da masu bin gasar harbin ƙaramar bindiga ta IPSC ke yi kullum: wane madubin saiti, wane kube, wace kunama ta fi laushi. Wallahi kamar a shago ake sayen maki.

Lissafin gasar nan fa a fili yake, maki ake rabawa da lokaci. Ka ci 50 a daƙiƙa 10, sakamakonka 5. Ka kuskure harsashi ɗaya, biyar ɗinsa sun tafi, a kuma zaftare maka 10, ka dawo 3.5. Wane madubi ne zai biya maka wannan asarar?

Ku dubi Eric Grauffel na Faransa. Sau biyar yana cin kofin duniya a rukunin Open, inda ake yi wa bindiga kwaskwarima son rai. A 2014 ya koma Production, da bindiga kusan yadda ta fito daga kamfani, ya sake cinyewa.

Ni a ganina, sabon ɗan wasa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ya gyara riƙo, ya yi ta atisayen zarowa da sauya gidan harsashi da bindiga fanko. Ya kuma koyi cire yatsa daga kunama in zai canza wuri, don wannan kuskuren korar mutum ake yi daga gasar gaba ɗaya.