A Kulle Makunni Kafin A Taɓa Inji

KAFANCHAN — A wuraren niƙa da na yankan katako na Kafanchan, da na sarrafa citta a Kachia, sau da yawa akan jira a ɗauke wuta sannan a gyara inji. A nan haɗarin yake, domin lantarki ba ya sallama in zai dawo, alhali hannun makanike yana cikin inji.

Tun 1989 Amurka ta wajabta sa kwaɗo a makunni, da rataya kati mai sunan mai gyara, mabuɗin kuma yana aljihunsa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta a Nijeriya alhakin kare ma'aikaci. Ya kamata masu injuna su saya wa kowane makanike kwaɗonsa, su kuma hana tayar da janareta har ya cire katinsa.