Lagireto Ba Randa Ba Ne



Makon nan faɗa nake nema, kuma da mutanenmu nake nemansa, wato masu rubutun fasaha da Hausa. Kwanakin nan shafuka sun cika da darasin yadda ake haɗa ƙaramar kwamfutar gem wadda ake sanyaya ta da ruwa. Hotunan kam ba a magana: akwati bai fi bokitin fenti girma ba, ga tiyo ɗauke da ruwa ja ko shuɗi, ga fitilu suna ta walƙiya. A ƙasa sai bayani daki-daki, an kwaso shi daga bidiyon wani Bature an juye da Hausa, sannan mai juyewar ya ƙara nasa gishirin, wai wannan tsarin shi ya fi dacewa da ƙasa mai zafi irin tamu. Wannan ƙarin ba gaskiya ba ne, kuma akwai mai biyan kuɗinsa. Yaron da ya shekara biyu yana tara ribar cajin waya a Kwanar Dangora, ko wanda ya sayar da buhunan masararsa a Tudun Wada don ya buɗe gidan gem, shi zai karanta ya yarda, tunda da harshen uwarsa aka faɗa masa.

Ku bari in fara da abin da ya sa maganar take shiga kunne. Duk Bahaushe ya san randa. Ka zuba ruwa da safe, da azahar ka sha shi da sanyi ko da rana tana dukan bango. Dalili shi ne jikin randa yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe da zafi yake tafiya. Shi ya sa ruwan randa yake fin iskar ɗaki sanyi. A kan wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba, har ya karɓi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To da mutuminmu ya ji an ce sanyaya kwamfuta da ruwa, randa ce take faɗo masa a rai.

Amma abin da ke cikin kwamfutar nan ɗan'uwan lagireton mota ne. Ana ɗaura wani farantin tagulla a kan firosesa, wani a kan katin hoto. Ƙaramin famfo yana tura ruwa ta cikinsu, ruwan ya kwashi zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, fankoki su hura iska ta tsakanin siraran ƙarafunansa, ruwan ya dawo. A rufe yake ruf, babu inda yake bushewa. Gaskiya ne ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi, kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar kusan ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska ke ɗauka. Sai dai ɗauka kawai yake yi, kamar ɗan dako. Inda zai sauke kayan shi ne iskar ɗakinka. Ruwan ba zai taɓa fin wannan iskar sanyi ba, dole ma ya fi ta zafi kafin zafin ya yarda ya fita.

Nan ne lissafin mai fassara yake rushewa. Masu gwajin nan na Amurka da Jamus a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aunawa. A ƙaramin akwati, inda da ƙyar lagireto ɗaya mai fanka biyu yake samun wuri, ruwan yakan ɗara iskar ɗaki da digiri 10 zuwa 20 in ana buga gem mai nauyi. A wurinsu ke nan ruwa yana wajen 40, lafiya lau. Yanzu ɗauko wannan akwatin ka ajiye shi a shago mai rufin kwano a Bebeji cikin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40 a inuwa. Haɗa da kanka. Ruwan ya doshi 60, kuma 60 ɗin nan ita ce iyakar da aka rubuta wa sanannen famfon nan D5 da yawancin masu wannan haɗi suke amfani da shi. Tiyon roba mai tauri da ake lanƙwasawa don ado, shi ma in ruwa ya yi zafi sosai laushi yake yi a bakin mahaɗa, kuma ta nan yoyo yake farawa. Babu ko ɗaya daga cikin darussan da na karanta da ya yi wannan ɗan lissafin, alhali bai fi ƙarfin ɗan aji uku na firamare ba.

Sai maganar ƙanƙanta, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Allon da ake gina irin wannan kwamfuta a kai, Mini-ITX, santimita 17 ne kowane gefe, kamfanin VIA na Taiwan ne ya fito da shi a 2001 don ƙananan na'urori marasa cin wuta. Daga baya masu sha'awa suka mayar da abin gasa: wa zai cusa kaya mafi ƙarfi a akwatin da bai kai lita 20 ba. Wasa ne mai daɗi ga wanda yake zaune a ƙaramin ɗaki a Tokiyo ko Landan, inda kowane taku na fili kuɗi ne. Mu fa? Wane ne a Kiru ya rasa inda zai ajiye kwamfuta? Fili shi ne abu ɗaya da muke da shi a wadace, sai ga shi ana koya mana mu biya ƙarin kuɗi, a allo da akwati da ƙaramar na'urar rarraba wuta, don mu tsimi filin da ba mu rasa ba, mu kuma toshe wa injin hanyar numfashi.

Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta sauke mana, mai laushi kamar garin alkama. Ƙarafunan lagireto a matse suke, nan da nan sai ka ga ƙura ta yi musu bargo. In ka sa rariyar tace ƙura, iska ta ragu. In ka cire, lagireto ya toshe. A babban akwati murfi kawai za ka buɗe ka hure. A ƙaramin akwati kuwa sau da yawa sai ka kwance rabin kayan kafin hannunka ya kai, kuma duk taɓa tiyo kasada ce.

Na san wani zai ce ai mu ruwa bai yi mana wuya ba, ga madatsar Tiga nan a bayan gida tun shekarun 1970. Malam, ko ɗigo ɗaya na ruwan Tiga ba ya shiga wannan injin, haka na rijiya, haka na burtsatse, haka na leda. Gishirin ƙasa da ke cikinsu yana daskarewa a 'yan hanyoyin farantin, waɗanda ba su kai kaurin farce ba. Tataccen ruwa ake so, a sa masa maganin hana gansakuka da na hana tsatsa, a kuma canza shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Kar a ce kuma a je wurin mai cajin batir a ce a ba da ruwan batir, don akwai tataccen, akwai kuma mai haɗe da asid, duka da suna ɗaya ake kiransu. Sannan in aka kuskura aka haɗa farantin tagulla da lagireton alminiyam don neman sauƙi, tagullar za ta riƙa cin alminiyam ɗin ta cikin ruwan har ya hudu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shi yaron nan ba a gaya masa rariya yake saya ba. Kamfanin Apple da kansa ya fito da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa a 2004, wasunsu suka riƙa yoyo bayan 'yan shekaru suna lalata allo. Kamfani ke nan mai injiniyoyi da ɗakin gwaji.

In robar mahaɗa ɗaya ta tsage, wadda ba ta fi zoben yatsa ba, ina za ka samo ta? Fankar kwamfuta ta yau da kullum, ka shiga mota zuwa Kano, ka sauka Beirut Road ko Farm Centre, ka dawo kafin magariba. Famfo da mahaɗa kuwa sai dai a aika Ikeja ko a yi oda daga Chana, ka zauna kana ƙirga makonni, shago a rufe.

Duk wannan ma ban taɓo wuta ba. Katin hoto irin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 yake sha. Haɗa da firosesa da allon kallo, ka haura 600. Wannan ya fi rabin abin da dutsen guga na lantarki yake ja, kuma duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, a cikin ɗakin da kake zaune. Batir mai 200Ah irin na inbata, in za ka tausaya masa ka tsaya a rabi kamar yadda ake so, abin da zai ba ka bai wuce wat 1,200 na awa ɗaya ba. Awa biyu ke nan ba cikakku ba. Janareta kuwa, kowa ya san yadda litar fetur ta koma tun daga 29 ga Mayun 2023. Shi kuwa kati irin RTX 4060 wat 115 yake sha, yana buga ƙwallon da samarin Doguwa suke layi a kanta ba tare da gardama ba, kuma batir ɗin nan zai riƙe dukan kwamfutar wajen awa huɗu. Kuɗin da za a zuba a famfo da faranti da mahaɗai da ruwa mai launi, da shi za a sayi sitabilaiza mai kyau da UPS da ƙarin faifan sola. Wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama ta fi zafin rana kashe kwamfuta a garuruwanmu.

Abin dariyar ma, ita na'urar sanyaya ta iska da ake rainawa, ruwa ne a cikinta. Waɗannan bututun tagulla da ke tashi daga firosesa zuwa ƙarafuna, kowane ɗaya da ɗan ruwa a like a ciki. Zafi ya mayar da shi tururi, ya hau sama, ya huce, ya dawo ƙasa. Ba famfo, ba mahaɗa, ba canjin ruwa. Abu ɗaya ne ke iya mutuwa a jikinta, fanka, kuma ko ta mutu firosesa rage gudu zai yi don ya kare kansa. Na Ryzen 7000 an gina su ne su yi aiki har zuwa digiri 95.

Ba na cikin masu cewa gem ɓata lokaci ne, su ma ina da magana da su wata rana. Ba na kuma cewa haɗa kwamfutar ruwa haramun ne. Tana da shiru, tana da kyau, kuma wanda ya haɗa ta da hannunsa ya koyi abin da ba a koyar da mu a aji ba lokacin da muke difloma. Wanda yake da ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wuta tsayayya da kuɗin da in ya ƙone ba zai hana shi barci ba, bismilla. Amma ku faɗi hakan a layin farko na darasin, kada ku bar mai gidan gem ya gano da kansa. Kuma kar a ce mini ina hana Hausa shiga zamani. Juye maganar wani da Hausa ba ya sa ta zama tamu, in ba a auna ta da zafinmu da ƙurarmu da wutarmu ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: Baturen da ya yi bidiyo bai san akwai Kiru a duniya ba, kai da ka fassara ka sani.

Wanda yake son ya yi rubutun fasaha a wannan zauren, ga aiki nan a ƙasa ba mai ɗauka. Ma'aunin zafi na ɗaki ba shi da tsada, manhajar HWiNFO da ke nuna zafin firosesa da katin hoto kyauta ce. Ka je gidan gem ɗaya a Bebeji, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya can wajen tsaunukan Riruwai. Ka rubuta zafin ɗaki da na injin da ƙarfe biyu na rana a Afrilu, ka sake a Agusta, ka sake a Janairu kafin a hure ƙura da bayan an hure. Ka tambayi mai shagon awa nawa yake samun wuta, lita nawa yake ƙonawa, me ya fi mutuwa a injinansa, nawa yake biyan mai gyara. Ka kawo mana alƙaluman a nan ƙarƙashin wannan rubutun, da sunan garin da ranar da ka auna.